Bakin ma'ajiyar bayanai ya karye: a liƙa sabo ko a sauya mata gida?

Mutane na yawan tambayata wanne ya fi idan bakin USB na ma'ajiyar tafi-da-gidanka ya karye: a kai wa mai gyaran waya ya liƙa sabo da dalma, ko a fitar da faifan da ke cikinta a sa shi a sabon gida, wato sabon akwatin da ake sa faifai?

Sauya gida ya fi sauƙi. Yawancin na kamfanin Seagate faifan SATA ne (irin faifan da ake sawa a kwamfutar laptop) mai inci 2.5 a ciki, haɗe da ɗan allon USB. Ka ɓalle murfin a hankali, ka zare allon, ka zura faifan a sabon gidan, shi ke nan. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma wuta ba ta kusanci faifan ba.

Liƙi yana da haɗari, musamman bakin USB nau'in Micro-B mai ƙananan ƙafafu. Zafi ya yi yawa, layukan allon su ɗago. Bakin da aka liƙa kuma kan sake girgiɗi. Amma ma'ajiyar WD My Passport, ta kamfanin Western Digital, ba ta barin zaɓi sai liƙi, domin bakinta a jikin allon faifan yake. Don Allah, da ta tashi bayan liƙin ka kwafe komai.

Mai faifan SATA, sabon gida ya ishe shi. Mai irin WD kuwa, ya nemi ƙwararren mai liƙi.