Darasin kiɗa a firamaren Ingila, da abin da zai yiwu a makarantar garinmu

Assalamu alaikum. Malam Hedimasta, Baba shugaban kwamitin makaranta, da sauran iyayenmu na ƙasar Ringim, ina gaishe ku, sannunku da aikin kaka. Kun nemi bayanin yadda ake koya wa yara kiɗa da waƙa a makarantun gwamnati a nan Ingila, da ko akwai abin ɗauka a ciki. Ga shi gwargwadon yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa.

A manhajar ƙasa ta nan, kiɗa darasi ne na dole daga shekara 5 zuwa 14, kuma shawarar gwamnati ita ce kada ya gaza awa ɗaya a mako. Sai dai ba kowace makaranta ke da malaminta da kayanta ba. A 2011 aka fitar da tsarin ƙasa na koyar da kiɗa, a 2012 aka kafa cibiyoyi fiye da 100, kowace da yankinta, kamar yadda ofishin ilimi na ƙaramar hukuma yake riƙe da makarantun da ke ƙarƙashinsa. An sabunta tsarin a 2022, a 2024 kuma aka haɗe cibiyoyin suka koma 43. A 2024 kuɗinsu fam miliyan 79 ne a shekara, ya bi ta hannun hukumar raya fasaha ta Ingila, wato Arts Council England, da ƙarin fam miliyan 25 da aka ware don sayen kaya.

Aikin cibiyar shi ne abin lura. Ita ke da rumbun kayan kiɗa, ita ke da malamai masu yawo. Malami ɗaya kan zaga makaranta uku ko huɗu a rana. Ya shigo ajin yara 30 'yan shekara 7 zuwa 9, kowane yaro a damƙa masa abin kiɗa iri ɗaya: sarewar roba, ko ƙaramar jita mai tsarkiya huɗu, ko bigila, ko gogen Turawa da suke kira biyolin. Ana yin haka zango ɗaya, wani wurin shekara guda, iyaye ba su biya ko kwabo. Malamin aji ba ya fita, yana zama ya koya tare da yaransa, don shi zai maimaita da su kafin mai yawo ya dawo mako mai zuwa. Kayan aro ne, kowane da lambarsa a littafi, wanda zai tafi da shi gida sai iyaye sun sa hannu.

Gogen nan ana yin sa girma-girma: kwata, rabi, kwata uku, da cikakke. Ana sa shi a wuyan yaro ya miƙe hannu, in tafinsa bai kai kan gogen ba to ya yi masa yawa, a sauko ƙasa. Ɓarnarsa sananniya ce. Yaro ya gama ya manta bai sassauta izgar baka ba, sandar ta karkace. Jakin da tsarkiya ke hawa kansa ba a manne yake ba, ɗaurin tsarkiya ne ke riƙe da shi, da an sassauta su gaba ɗaya sai ya faɗi. In an ajiye kusa da na'urar ɗumama ɗaki, katakon ya bushe ya tsage. Bigila kuwa, in ba a ɗiga mai a maɓallanta ba sai su cije. Shi ya sa cibiyoyi ke da mai gyara, lokacin dogon hutu a tattaro komai a duba. Sarewar roba ce ba ta da rigima: ba ta kai fam 10 ba, ruwan ɗumi da sabulu sun ishe ta.

Wani abin da zai ba ku mamaki, cikin kayan da aka fi so har da jembe, gangar mutanen Mali da Gini, mai fatar akuya. Da kuɗin ƙasar waje ake sayo ta, alhali irin fatar nan ce ake jibgewa a kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis.

Inda tsarin ke ɗingishi shi ne bayan shekarar kyauta. Yaron da ya nuna basira yana son ci gaba, sai iyaye su biya kuɗin darasi, na mutum ɗaya rabin awa kan kai kusan fam 20, ga kuɗin hayar kaya, ga na jarrabawa mai hawa takwas. Akwai rangwame ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, amma sai an cike takarda, iyaye da yawa kuma ba su san da shi ba. A nan ne ɗan talaka ke ajiye gogensa. Sikotland ta ga wannan, ta soke kuɗin darasin a makarantunta a 2021. A sakandaren Ingila kuma masu zaɓar kiɗa a jarrabawar fita sun ragu tun bayan 2010, da aka fito da wani ma'aunin ƙwazon makarantu wanda bai lissafa darussan fasaha ba. Abin da ba a ƙirga shi, shugaban makaranta ba ya kashe masa kuɗi.

A wajenmu an cusa kiɗa cikin darasin al'adu da fasaha tare da zane da wasan kwaikwayo, sau da yawa a allo yake ƙarewa: a rubuta kalangu, kotso, algaita, yara su haddace, ba wanda ya taɓa ko ɗaya. Wannan yana ci mini rai, domin abin da Bature ke kashe miliyoyi ya samu, mu muna da shi a bayan gida. Wanda zai koyar yana cikin gari, makaɗan noma da na fada suna nan da ransu. Abin da babu shi ne awa a jadawali, da ɗan alawus, da makulli.

Ga lissafin aji mai yara 60. A raba su gida uku. Kashi ɗaya sarewar kara 20, yanzu da kaka yaran da kansu za su yanko karan, a huda musu da ƙusa mai zafi, duk a gwada da sarewa guda don muryoyin su zo ɗaya. Kashi na biyu ƙwarya 10 da shantu 10. Kashi na uku masu waƙa da tafi, da kalangu biyu ko uku ana karɓa-karɓa. Bayan minti 15 a juya. Makaɗi ɗaya zai iya ɗaukar makarantu biyar na mazaɓa guda, kowace da ranarta, kwamitocin su haɗa masa kuɗin man babur da na sabulu, kafin a kai maganar gaban sakataren ilimi a nemi SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, ta sa shi a kasafi.

Baba, na san abin da za a fara cewa: kiɗa gadon maroƙa ne, kuma malamai sun yi saɓani a kansa. Kada a raina wannan magana. A zauna da liman da iyaye tun farko, su ga baitocin da idonsu, a tsaya kan waƙoƙin tarbiyya, tsafta, noma da lissafi, maza daban mata daban in haka aka fi so, wanda bai yarda ɗansa ya riƙe ganga ba a bar shi cikin masu rerawa. Kuma babu liƙi, babu kirarin kowa a cikin aji.

Ajiya ce za ta ba ku wahala fiye da saye. Da damina fatar kalangu na shan raɓa ta saki, sai an shanya ta a hantsi kafin ta yi murya, amma kada a kanga ta a wuta, tana ƙonewa ta fashe. Da hunturu tsarkiya ke bushewa ta tsinke, a riƙa shafa mata ɗan man shanu, kango kuma a raba shi da rana. Ɓera na cin fata, gara na cin kango da kara, don haka kada a jingine komai a ƙasa ko jikin bangon laka. A rataye kalangu a ƙusa, sarewa da shantu a sa su cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a rubuta lamba a jikin kowane, makullin ya zauna a hannun malami ɗaya da zai ƙirga kaya duk ranar Juma'a kafin a tashi.

A gaishe mini da mai gari da su Inna. Wassalam.