Hattara da masu tallan "injin haɗa hologiram"

Jama'a, a yi hattara. Akwai masu talla a intanet da ke cewa suna sayar da cikakken injin haɗa hologiram, wai ka ɗora shi a kan tebur, ka saka masa tambarin kamfaninka, ya fito maka da sitika mai ƙyalli irin ta jikin katin banki, wadda ake mannawa don kare kaya daga jabu. Saura ƙiris ɗaya daga cikinsu ya yi awon gaba da kuɗina. Tambaya ɗaya ce ta cece ni: wace irin leza (na'urar da ke fitar da siririn haske mai ƙarfi) ce a cikin injin? Nan take mutumin ya shiga kame-kame, ƙarshe ya ce in fara tura kuɗin duka, bayani zai biyo baya.

Na koma kan bidiyon da ya turo, ina tsayar da shi kaɗan-kaɗan. Ashe injin manna sitika da zafi ne kawai, ga naɗin sitikar da aka riga aka yi an saƙala a bayansa. Irin wannan sitikar kowa na iya saye, har da mai kwaikwayon kayanka. To ina kariyar?

Hologiram na gaske ba buga shi ake yi kamar takarda ba. Ana fara zana uwar aikin a kan farantin gilashi da aka shafe da sinadari mai jin haske, a haska shi da leza, sau da yawa mai shuɗin haske ta sinadaran heliyom da kadmiyom. Teburin ma na musamman ne mai shanye girgiza, don takun mutum a ɗaki kaɗai ya isa ya lalata aikin. Bayan an wanke farantin, a lulluɓe shi da azurfa, a tsoma a ruwan sinadarin ƙarfen nikel da wutar lantarki, sannan a ɓanɓaro siririn faifan nikel. Shi ake dannawa a kan leda mai rufin alminiyom. Mai tallan nan ko sunan nikel bai ambata ba.

Wasu kuma fanka ce mai ƙananan fitilu suke kira hologiram. Juyawa take da sauri ido ya ga kamar hoto na shawagi, shi ke nan.

Kafin ka tura ko sisi, ka ba mai sayarwa zanenka mai ɗauke da sunanka, ka ce ya yi maka samfuri ya aiko ka juya shi a haske da hannunka. Ni da na nemi haka, toshe lambata ya yi.