Fabricius ko Tischendorf?

Bajamushe Johann Fabricius mai tattarawa ne. A 1703 ya fitar da kundin rubuce-rubucen Kirista na dā da ba su shiga Sabon Alkawari ba, a 1713 ya biyo da na waɗanda ba su shiga Tsohon Alkawari ba. Duk guntun da ya samu sai ya kwasa, har 'yan gutsattsarin Littafin Anuhu na Girkanci, domin cikakkensa sai a 1773 aka kawo shi Turai daga Habasha.

Shi kuwa Constantin von Tischendorf, wani masani Bajamushe, a 1853, ya bi tsofaffin rubutun hannu yana gwada wannan da wancan, ya tace linjilolin da ba su shiga Sabon Alkawari ba. A ganina mai neman ingantaccen matani ya nufi Tischendorf. Fabricius ya fi shi yalwa.