Lasifikar tebur mai sauƙin kuɗi da amfilifayar da ta dace da ita: abin da na gani a wata huɗu

Sana'ata ita ce mayar da maganar da aka naɗa zuwa rubutu, wato hirarraki da laccoci da wa'azozin da mutane suke kawo mini a waya ko a filashi, saboda haka nakan shafe awa biyar zuwa shida kullum a gaban kwamfuta a wani ɗan shago da ke Jekadafari a cikin garin Gombe. Shekara biyu na yi ina aiki da abin sawa a kunne, har zafin watan Maris ya sa gumi ya fara yi mini illa a kunnuwa, sannan na yanke shawarar sayen lasifikar tebur. Sayen farko da na yi asara ce, kuma da ita zan fara, domin ita ce ta koya mini karanta abin da ake rubutawa a jikin kwali.

Babbar kasuwa na shiga na ɗauko irin saitin nan mai akwati uku, wufa ɗaya, wato babban akwatin da yake fitar da dukan ganga, da 'yan lasifikoki biyu na roba, mai fitilu masu walƙiya, an rubuta 3000W PMPO da manyan jajayen haruffa a kwalinsa. A shago ya burge ni ƙwarai, domin mai kayan ya sa kiɗa mai ganga ya ƙure murya har gilashin kantarsa yana rawa. Da na kawo shi kan tebur na sa hirar wani dattijo da ake so in rubuta, sai na ji muryar kamar daga cikin randa take fitowa. Ba na iya bambance "kara" da "ƙara", kuma duk inda dattijon ya sassauta murya sai na mayar da wurin sau uku kafin in fahimci abin da ya ce. Bayan mako biyu na kai saitin wurin wani tsohon mai gyaran rediyo a wajen Tashan Dukku, ya kwance bayan wufar ya nuna mini taransifomar da ke ciki da bakin sukundireba.

"Malam, kai da kake ɗan boko ka yarda da wannan rubutun?" in ji shi. "Wannan 'yar abar ko wat 20 ba za ta iya bayarwa ba, balle 3000."

Na ce, "To Baba, wace lamba ce zan riƙa dubawa?"

Ya ce in nemi inda aka rubuta RMS, domin shi ne ƙarfin da na'ura take iya bayarwa a kai a kai ba tare da ta gaji ba, shi kuwa PMPO ba shi da wani ma'aunin da aka yi ittifaƙi a kansa, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa.

Daga nan na gane cewa hanya biyu ce a gaban mai son sauti mai kyau a tebur da kuɗi kaɗan. Akwai lasifikar da amfilifayarta, wato na'urar da take ƙara wa sauti ƙarfi, take cikin akwatinta, a sa ta a soket kawai a jona da kwamfuta, akwai kuma wadda ba ta da komai a ciki sai an haɗa mata amfilifaya daga waje. Ta hanyar farko na gwada Edifier R1280T, wadda wani abokin aikina ya ara mini na mako guda. Kamfanin na China ne, ƙarfin lasifikokin biyu a haɗe wat 42 ne na RMS, kowace tana da faifai mai faɗin inci 4 da ƙaramin baki mai fitar da siririyar murya, akwai wurin jona na'ura biyu a lokaci guda, da rimot, da maɓallan daidaita sauti a gefen akwatin dama. Tun a ranar farko muryar dattijon nan ta fito fes, kuma da a ce ofis nake mai wuta ba yankewa, da ita zan saya in huta. Abin da ya hana ni shi ne kai tsaye daga soket take shan wuta, ni kuwa a shagona rabin yini a kan batirin sola nake aiki, ba na son in riƙa kunna inbata saboda lasifika kaɗai.

Wannan ya sa na bi hanya ta biyu, na yi odar lasifikokin Micca MB42X da amfilifaya Fosi Audio BT20A ta hannun masu kawo kaya daga waje, na karɓe su a tasha bayan mako uku da 'yan kwanaki. Kowanne daga cikin kayan nan uku da na ambata kuɗinsa a kewayen dala 100 yake a lokacin da na yi odar, amfilifayar ta ɗan fi araha, amma haɗin biyun ya fi Edifier tsada, kuma kuɗin dako yana da nauyi domin akwatunan katako ne.

Haɗa lasifika da amfilifaya shi ne inda mutane suka fi ruɗewa, alhali lambobi uku ne kawai a cikin lamarin. Ta farko ita ce om, wato yadda lasifika take tare wutar da ake tura mata. Micca an rubuta mata om 4 zuwa 8, amfilifayar kuma tana ɗaukar wannan zangon, saboda haka ba a yi karo ba. Haɗarin yana zuwa ne idan mutum ya ɗaura lasifika biyu a baki ɗaya kamar yadda masu kiɗan biki suke yi, domin om 4 guda biyu a haɗe gefe da gefe suna komawa om 2, amfilifaya ta yi ta ɗaukar zafi tana yankewa.

Lamba ta biyu ita ce yawan ƙarar da lasifika take bayarwa idan aka ba ta wat ɗaya tak aka tsaya nisan mita ɗaya. Ta Micca desibel 85 ce, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙara, kuma a ma'aunin masu sana'ar wannan lasifika ce mai cin wuta. Duk da haka, mita ɗaya shi ne kusan nisan da ke tsakanin kunnena da ita a kan tebur, kuma desibel 85 ita ce iyakar da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ce kada a wuce a aikin awa 8. Ke nan wat ɗaya ya isa ya kai ni bakin abin da zai cutar da kunne. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji cewa ƙara ta ninka sai an ninka wat kusan sau goma. Wanda ya gane wannan ba zai ƙara kuɗi don ya tashi daga wat 50 zuwa wat 100 a kan teburin karatu ba.

Lamba ta uku ba a jikin amfilifaya take ba, a jikin adaftarta take, kuma ita ce aka fi mantawa. BT20A tana aiki da ayisi, wato 'yar ƙwayar lantarkin da take ƙara ƙarfin sautin, mai lamba TPA3116 ta kamfanin Texas Instruments, irin wadda ake kira aji D, wadda take mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa sauti maimakon zafi. A talla ana rubuta mata wat 100 a kowane ɓangare, adaftar da ta zo da ita kuwa bolt 24 ce da amfiya 4.5, wanda idan aka ninka yake ba da wat 108, kuma wannan shi ne tukunyar da ɓangarorin biyu suke ci daga ciki. Akwai lissafi mai sauƙi da yake nuna ƙololuwar abin da irin wannan amfilifaya za ta iya bayarwa ba tare da sauti ya fashe ba: a ninka bolt da kansa, a raba da ninki biyu na om ɗin lasifika. A bolt 24 da om 8 amsar wat 36 ce, a bolt 12 kuwa wat 9 ce kacal. Shi ya sa amfilifaya ɗaya take zama abu biyu dabam a hannun mutum biyu, idan ɗayansu ya sayi tasa ba adafta ya je ya laluba wata tsohuwar cajar bolt 12 a kasuwa.

Ni dai wat 9 ɗin nan ya ishe ni har da saura, kuma a nan ne kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amfilifayar tana karɓar bolt 12 zuwa 24, saboda haka Baba mai gyara ya yi mini waya daga batirin sola kai tsaye, ya sa fiyus a kusa da kan batirin, ya auna da mita sau biyu don ya tabbatar tsakiyar filogin ce ke ɗauke da jar waya. Yanzu ko an ɗauke wuta aikina ba ya tsayawa, kuma a muryar da nake saurare abin da take ci bai kai na ƙwan fitila guda ba. Amma mai sola ta bolt 24 kada ya kwaikwayi wannan haɗin, domin batura biyu a jere suna haura bolt 28 lokacin da rana take cajinsu, ayisin kuwa iyakarta bolt 26.

Game da sautin kansa, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsakiyar murya. MB42X tana da faifai na inci 4 da ƙaramin baki mai rufin siliki, sannan akwai da'irar da take raba sauti tsakaninsu, wadda ita ce bambancinta da 'yar uwarta MB42 marar harafin X, kuma ina ganin ƙarin kuɗin ya cancanta. A karatun Alƙur'ani ana jin fitar haruffan maƙogwaro da numfashin mai karatu, a hira kuma ana jin wanda yake gefen dama na rakoda da wanda yake hagu. A kiɗan gargajiya kalangu yana fitowa da kaifinsa, gurmi kuma ba ya nutsewa a ƙarƙashin 'yan amshi. Inda lasifikar ta tsaya shi ne ƙasan sauti, domin a takardarta ma daga 60Hz take farawa, wato ba ta iya fitar da sauti mai kauri sosai, don haka dukan ƙirjin nan da matasa suke nema a kiɗan zamani babu shi. Na gwada murɗa maɓallin bes na amfilifayar, wato na ƙasan sauti, zuwa ƙarshe, sai na ga faifan yana ta kai da kawowa a banza murya kuma ta dushe, na mayar da shi tsakiya na bar shi a nan. Amfilifayar ba ta da rimot ba ta kuma da wurin sa abin kunne, wanda yake buƙatar waɗannan ya san da haka tun kafin ya biya.

Wurin ajiyewa ya canza sautin fiye da yadda na zata. Ramin iskar lasifikokin a baya yake, kuma da na manna su da bango sai sautin ya kumbura, sai da na janyo su gaba kamar taƙi ɗaya ya daidaita. Na ɗora kowace a kan tsofaffin littattafai har ƙaramin bakin ya zo daidai kunnena, na sa tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kujerata, na ɗan karkato su suna kallona. A ranar farko na kuskure na juya ja da baƙar waya a ɓangare ɗaya, muryar ta watse ba a san inda take fitowa ba, har sai da na duba na gyara ta dawo tsakiya cak kamar mai maganar yana zaune a bayan allon kwamfuta. Idan janareta na layinmu yana aiki kuma cajar kwamfuta tana jone, nakan ji ɗan gurnani ta wayar sauti, wanda yake ɓacewa da zarar na cire cajar ko na koma Bluetooth. Zafin watan Afrilu bai dami amfilifayar ba, ɗumi kawai jikinta yake yi, ƙura kuwa da tsohon ɗankwali nake tare ta kowace yamma kafin in rufe shago.

Ga wanda aljihunsa bai kai nan ba, shawarata ita ce ya rage a amfilifaya kada ya rage a lasifika, domin bambancin da ke tsakanin ƙananan amfilifayoyin aji D a muryar tebur kaɗan ne, na lasifika kuwa kowa yana jinsa. Akwai ma hanyar da ta fi araha, wato tsofaffin lasifikokin rediyon kaset na Japan 'yan kwatano, irin su Sony da Aiwa da Kenwood, waɗanda sau da yawa rediyon ya mutu ya bar akwatunan lafiya lau, kuma yawancinsu om 6 ne. Kafin a biya a cire ragar gaba a duba gefen faifan ko ya ruɓe, a danna shi a hankali da yatsu a saurara ko yana gurzawa, sannan a sa mita a bakin wayoyin. Lasifikar om 6 mai lafiya takan nuna wajen 4 zuwa 5, domin mita tana nuna ƙasa da abin da aka rubuta. Idan babu mita, batirin tocila na bolt 1.5 ya wadatar: a taɓa wayoyin biyu da shi na ɗan lokaci, faifan ya motsa ya yi ƙwas, kuma idan gaba ya turo to wayar da ke taɓa ɓangaren batirin mai alamar + ita ce ja. Yaron shagona ta wannan hanyar ya haɗa nasa, da akwatunan Aiwa guda biyu da ya samo wurin masu gwanjo da wata 'yar amfilifaya ta bolt 12, kuma a ƙasan sauti nasa ya fi nawa cika saboda faifansa ya fi girma. Abin da ya rage masa yanzu shi ne neman babban tebur, domin akwatunan sun cinye rabin wanda yake da shi.