Filin hamada na biya kaɗan-kaɗan a Amurka: takarda akwai, ruwa da hanya su ne magana

Tallar kusan iri ɗaya ce duk inda ka gan ta a intanet. Fili shimfiɗe, ƙananan ƙayoyi nan da can, duwatsu shuɗi-shuɗi can nesa, rana tana shirin faɗuwa. A ƙasa an rubuta: eka 5, tafiyar minti 20 daga wani ƙaramin garin manoma, ɗan kafin alƙalami, sauran a biya wata-wata, ba banki, ba binciken bashi. Kamfanonin da ke wannan harka suna da yawa a kudu maso yammacin Amurka, kuma wuraren da suka fi tallatawa sanannu ne: gundumar Cochise a Arizona kusa da Willcox, gundumar Costilla a kwarin San Luis na Kolorado, gundumar Luna a kewayen Deming ta Niyu Meziko, da Hudspeth a Teksas wajen Dell City. Duk garuruwan noma ne a tsakiyar busasshiyar ƙasa.

A ba su haƙƙinsu tukuna. Yawancin filayen nan suna nan da gaske, ba na iska ba ne. Kowanne yana da lambarsa a ofishin gunduma, kana iya shigar da lambar a shafin mai ƙiyasta haraji ka ga sunan mai shi, girmansa, da ko ana bin sa bashin haraji. Harajin shekara kaɗan ne, cinikin yana ƙarewa cikin kwanaki, kuma baƙo daga yawancin ƙasashe yana iya saya. Masu sayarwa na kirki suna ba da lambobin GPS na kusurwoyi huɗu, har su ce ka je ka gani da idonka. Su kansu sun sayo ne da araha daga magada da suka gaji da biyan haraji, ko a gwanjon da gunduma ke yi wa filayen da aka daina biya wa, suka ɗora riba. Wannan kasuwanci ne, ba laifi ba. Da yawa daga fulotan an yanka su tun shekarun 1960 da 1970 aka riƙa sayar da su ta gidan waya ga mutanen da ba su taɓa taka wurin ba, kuma irin ɓarnar da aka yi a lokacin ce ta sa Amurka ta kafa dokar 1968 da ke tilasta wa manyan masu yanka filaye bayyana wa mai saye halin da fili yake ciki. Shekara sama da 50 ke nan, kuma mafi yawansu har yau ba a aza bulo ɗaya a kansu ba. Wannan kaɗai ya isa mutum ya tsaya ya tambayi dalili.

Dalilin shi ne ruwa, kuma a nan ne tallar ta fi yaudarar ido ko da ba ta yi ƙarya ba. Idan ka buɗe hoton tauraron ɗan Adam za ka ga manyan da'irori kore shar a gefen garin, kowace da bututun ban-ruwa mai tsawon kusan mita 400 yana zagayawa. Zuciya sai ta ce ai ga ruwa nan kusa. To, waccan koriyar ita ce babbar barazana ga rijiyarka. Manyan gonaki suna da kuɗin haƙa burtsatse mai zurfin gaske da famfuna masu ƙarfi, kuma idan suka ja, matakin ruwan ƙasa na yankin gaba ɗaya ne yake sauka. Rijiyar gida, wadda ba ta kai tasu zurfi ba, ita ke fara tsotsar iska. A kwarin Willcox haka ta faru: gonakin masara, ciyawar shanu da itatuwan fistashiyo suka yawaita, rijiyoyin gidaje da dama suka ƙafe, ƙasa ta riƙa nutsewa tana tsagewa har tsagar ta ratsa tituna. A 2022 masu zaɓe suka amince a sa kwarin Douglas da ke maƙwabtaka ƙarƙashin tsarin kula da ruwa, na Willcox suka ƙi, sai a Disambar 2024 hukumar ruwa ta jihar ta sa kwarin Willcox a tsarin da kanta. Ma'anar wannan ga mai saye a fili take: ba a buɗe sabuwar gonar ban-ruwa ta eka 2 ko fiye, abin da ya rage maka shi ne rijiyar gida wadda famfonta bai wuce galan 35 a minti ba, wato kusan lita 130.

Kolorado ta fi tsanani. A can, idan filinka bai kai eka 35 ba, izinin rijiyar da aka saba bayarwa na amfanin cikin gida ne kawai: sha, girki, wanka. Ba lambu, ba shayar da dabbobi. Ruwan sama ma da ke zubowa daga rufinka, dokar 2016 ta yarda gida ya tara a ganga 2 ne, jimillar galan 110. Wanda ya sayi eka 5 a Costilla da mafarkin kiwon awaki da shuka kayan miya ya sayi abin da doka ba za ta bar shi ya yi ba, kuma shafin talla ba ya faɗar haka a layin farko.

Aikin da ya kamata a yi kafin a biya ko sisi ba shi da wuya. Hukumomin ruwa na Arizona da Kolorado suna da rajistar rijiyoyi a intanet. Nemo rijiyoyin da suka fi kusa da filin, aƙalla 5, ka duba zurfin kowace, matakin da aka tarar da ruwa, yawan abin da take bayarwa a minti, da shekarar da aka haƙa. Shekarar tana da muhimmanci, domin lissafin 1985 ba ya gaya maka inda ruwa yake yau. Idan ka ga an ƙara wa tsofaffin rijiyoyi zurfi, ka samu amsarka. Sannan ka kira mai haƙa burtsatse na yankin. Da kowace ƙafa ta zurfin da ya haƙa yake lissafin kuɗinsa, ko ya samu ruwa ko bai samu ba, kuma bututu, famfo, waya da tanki duk daban ne. Ba abin mamaki ba ne rijiya ta ninka kuɗin filin sau da yawa. Idan an samu ruwan, a kai shi ɗakin gwaji: kusa da gonaki ana tsoron sinadarin nitiret daga taki, wanda ke da haɗari ga jarirai, a hamada kuma akwai sinadarin arsenik mai guba da ruwan zartsi. Iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa ita ce miligiram 10 a lita ga nitiret, maikrogiram 10 a lita ga arsenik, amma rijiyar gida ba wanda zai gwada maka ita sai kai.

Masu talla sukan ce ai ana iya ɗauko ruwa da mota ko a tara na sama. A yi lissafi. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 100 a wurin da ake samun milimita 250 a shekara zai ba da lita 25,000, a cire abin da ya fantsama da na wanke ƙurar farko, a ce 20,000. Mutum 4, kowa lita 50 a rana, suna buƙatar lita 73,000 a shekara. Ragowar sai jigila, kuma lita 1,000 tan guda ce a bayan mota a kan hanyar yashi. Jigilar ma tana hannun wanda ke sayar maka: a Janairun 2023 birnin Scottsdale na Arizona ya daina sayar da ruwa ga tankokin da ke kai wa unguwar Rio Verde Foothills, ɗaruruwan gidaje suka shiga tasku na watanni.

Sai hanya. Layin da ka gani a taswira da suna mai daɗi sau da yawa greda ce ta bi sau ɗaya shekaru aru-aru, ƙaya ta sake rufewa. Tambayoyi biyu ne daban, kuma dole a amsa kowace: shin doka ta ba ka ikon bi, kuma shin mota tana iya bi? Akwai filin da sawun taya ya kai har bakinsa amma ta cikin gonar wani, ranar da ya sa ƙofa da kwaɗo shi ke nan. Akwai kuma wanda ikon wucewarsa yana rubuce a rajista amma kwazazzabo ya raba hanyar biyu. Gunduma ba ta gyara irin waɗannan hanyoyi. Motar haƙa rijiya, motar kankare da motar asibiti duk sai sun iya shiga. A lokacin ruwan Yuli da Agusta, busasshiyar korama tana cika cikin mintuna da ruwan da aka yi a kan dutse can nesa, alhali a kanka rana ake yi. Duba taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, kuma idan ka je wurin, dubi ƙasa: tarkacen ciyawa da ya maƙale a gindin ƙayoyi duk ta gefe ɗaya shaidar ruwa ce, farin ɓawon gishiri a kan fako kuma shaidar tsohon tafki ne da ba ya shuka.

Takarda ita ce inda kamfanoni suka fi bambanta, kuma a nan ake gane na kirki. A tsarin biya kaɗan-kaɗan da aka fi yi, sunan mai sayarwa ne ke kan filin har sai ka biya kashi na ƙarshe. Ka makara wata biyu ko uku, yarjejeniya da yawa suna ba shi damar soke cinikin ya riƙe abin da ka biya ya sake tallata filin. A tambaya a rubuce: za a yi wa yarjejeniyar rajista a gunduma? Kwana nawa ake ɗaga ƙafa? Akwai kuɗin takarda da na hidimar wata-wata a kan farashin? Tara duka ka kwatanta da farashin biya nan take, tazarar takan ba da mamaki. Sannan wace takardar mallaka za a ba ka a ƙarshe? Akwai mai garanti, inda mai sayarwa ya ɗauki alhakin cewa filin nasa ne ba rigima. Akwai ta sakin hannu, wadda abin da take cewa kawai shi ne duk haƙƙin da nake da shi, in akwai, na bar maka. Filin da ya fito daga gwanjon haraji sau da yawa kamfanonin inshorar mallaka ba sa karɓarsa sai an je kotu an wanke shi. Mai sayarwar da ya ƙi a rufe ciniki ta hannun kamfanin binciken mallaka mai zaman kansa, ko da kai za ka biya, a bar masa kayansa. A Arizona doka ta wajabta wa mai sayar da fuloti 5 ko ƙasa da haka a wajen gari ya ba ka takardar rantsuwa kan hanya, ruwa, wuta da ambaliya, kuma kana da kwana 5 bayan karɓarta ka fasa. A Teksas kuma a tambayi ma'adinan ƙarƙashin ƙasa, domin ana raba su da saman, kuma mai su yana da ikon shigowa.

Sauran abubuwan ƙanana ne a baki, manya a aljihu. Alamar GPS ta waya tana kuskuren mitoci, don haka ba a kafa shinge ko tushen gini sai safiyo mai lasisi ya buga turaku. A yawancin karkarar Arizona shanu suna kiwo a sake, kai ne za ka katange su. Eka 40 kewayenta mil guda ne, kilomita 1.6, waya mai ƙaya layi 4 kuwa kilomita 6.4 ke nan. Ba a ba da izinin gida sai da tsarin shadda da aka amince da shi, shi kuma sai an haƙa ramin gwaji an ga ƙasa tana shan ruwa. A hamadar nan akwai wani farin dutse mai kama da siminti a ƙasan yashi, wanda diga ba ta yi masa komai, ruwa ma ba ya ratsa shi. Layin lantarki idan ya wuce 'yan turaku kaɗan daga filin, sola da batir sun fi sauƙi. Zama a tanti ko motar kwana ma da ƙa'ida: Costilla ta iyakance shi ga kwana 14 cikin wata 3 in ba izini, kuma kwarin San Luis yana sama da mita 2,000 daga matakin teku, sanyin hunturunsa yana daskarar da bututu ya fasa tanki. Cochise ta fi sassauci, tana barin mai eka 4 ko fiye a yankin karkara ya gina gidansa da kansa ba tare da masu duba gini ba, shi ya sa masu ginin ƙasa da na buhun yashi suke tururuwa can.

Hukuncinmu a kan wannan hidima ya rabu gida biyu. Ga wanda yake zaune a Amurka, yana son wurin da zai kafa tanti 'yan kwanaki a shekara, ko zai gina ƙaramin gida da sanin cewa kuɗin filin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin, tana da amfani, muddin ya taka filin da ƙafarsa, ya fi kyau bayan an yi ruwa. Ga mai neman gona, ba mu ba da shawara ba ko kaɗan. Ga mai neman jari ma haka, domin ranar da ka tashi sayarwa za ka tarar da dubban fulotai irin naka a kasuwa, kuma baƙo idan ya sayar ana riƙe kashi 15 cikin 100 na kuɗin saboda haraji har sai ya cike takardu. Mallakar fili kuma ba ta ba da biza ko izinin zama, komai girmansa. Wanda ke wajen ƙasar kuma ba zai iya zuwa ba, cinikin biri a sama zai yi, sai dai ya biya safiyo ko wani amintacce na yankin ya shiga da mota har kusurwoyi huɗu, ya ɗauko bidiyon hanyar tun daga inda kwalta ta ƙare, kafin a tura kafin alƙalami.