Inda Za A Kai Matasa Koyon Siki: Faransa, Andora, Bulgeriya Ko Turkiyya?

Duk iyalin da suka fara binciken inda za su kai 'ya'yansu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wato siki, abin da ke fara ɗaukar hankalinsu a talla shi ne tsawon hanyoyi. Les Trois Vallées da ke Faransa na alfahari da kilomita 600, Paradiski kuma da 425. Lambobin gaskiya ne, amma ba na mai koyo ba ne. Yaro ɗan shekara 14 da bai taɓa ɗaura allon siki a ƙafarsa ba zai ƙare makonsa na farko ne a kan 'yan gangare kaɗan da ke kusa da gari, kuma kuɗin da aka biya don sauran ɗaruruwan kilomitocin ya tafi a banza. Abin da ya kamata ku saya shi ne malami mai jin yaren yaranku, da gangare mai sauƙi kusa da masauki, da tabbacin cewa za ku tarar da dusar ƙanƙarar a ƙasa.

A Turai ana bambanta gangare da launi. Kore na sabon shiga ne, shuɗi mai sauƙi ne, ja na wanda ya ƙware, baƙi kuwa na gwanaye. Faransa da Andora suna amfani da duka huɗun. Ostiriya da Italiya galibi daga shuɗi suke farawa, don haka shuɗinsu kan haɗa da mai laushi sosai da wanda zai tsorata yaro. Idan kun buɗe taswirar wuri, ku duba ko korayen hanyoyi sun taru wuri guda kusa da gidaje, sannan ko akwai shuɗi mai tsawo da yaran za su koma kansa a rana ta huɗu ko ta biyar. Wannan hawa mataki-mataki shi ne ke hana matashi gajiya da abin.

Matasa kuwa suna da tasu matsalar da ƙananan yara ba su da ita: kunya. Ɗan shekara shida zai faɗi ya tashi yana dariya. 'Yar shekara 15 da aka sa ta aji ɗaya da 'yan firamare, ana koya musu haɗa bakin alluna biyu su yi siffar yankin biredin fiza don su iya tsayawa, za ta dawo masauki ta ce ba ta ƙara zuwa. Saboda haka kafin ku biya kuɗin jirgi, ku rubuta wa makarantar siki ta wurin ku tambaya ko suna da aji na matasa masu koyo daban, mutum nawa ne a aji, kuma da wane yare ake koyarwa a makon da za ku je. A Faransa babbar makaranta ita ce ESF, wadda aka kafa a 1945, ana gane malamanta da jajayen kaya. Iyalin da suka fito daga Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ba su da damuwa a nan, yaransu suna jin Faransanci. Ga waɗanda Turanci kaɗai suke ji, a lokacin hutun makarantun Faransa aji kan cika da 'yan ƙasa, malami ya yi bayani mai tsawo da Faransanci sannan ya taƙaita wa baƙo a jimla ɗaya. A manyan wuraren akwai ƙananan makarantu masu koyarwa da Turanci zalla. Sun fi tsada, amma ni a ganina a nan ne kuɗi ya fi cancantar a kashe shi.

A cikin wuraren Faransa, Alpe d'Huez nake sa wa gaba. Garin yana kan mita 1,860, ana hawa zuwa gare shi daga wajen Grenoble ta hanyar nan mai kwana 21 da masu kallon tseren kekuna na Tour de France suka sani. Abin da ya sa ya dace da mai koyo shi ne yanayin dutsen: ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne, korayen hanyoyi masu faɗi sun bazu daidai saman garin, tsananin gangaren sai can sama wajen Pic Blanc mai mita 3,330. Yaro yana koyo a fili mai rana, iyaye suna iya hango shi daga inda suke shan shayi. Gari ne kuma na sosai, mai wurin ninƙaya da filin zamiya da kantuna, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga matashin da siki ya ƙare masa da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ga dare mai tsawo a gabansa. Illarsa ita ce fuskantar kudu da yake yi: zuwa ƙarshen Maris rana kan narkar da dusar da yamma ta yi nauyi a ƙafa.

La Plagne ta bambanta. Ƙauyuka ne da dama a warwatse, mafi yawan na sama tsakanin mita 1,800 zuwa 2,100, an gina su ta yadda mutum zai fito ƙofa ya ɗaura allo ya wuce. Shuɗayen hanyoyinta suna da yawa, don haka ta fi wa wanda ya riga ya yi mako guda a wani wuri daɗi. Tana da hanyar tseren keken ƙanƙara da aka gina don gasar Olamfik ta Albertville a 1992, kuma baƙi suna iya biya a sauko da su a ciki, abin da matasa ba sa mantawa. Sai dai wasu ƙauyukan da dare shiru ne, kuma idan kuka yi kuskuren kama gida a ƙauyen da ba nan ajin yaranku yake taruwa ba, kullum da safe sai kun bi bas. Avoriaz kuma, mai mita 1,800, ba a shiga da mota, dawakai ke jan kaya a kan dusar ƙanƙara, tana da babban wurin wasan ruwa mai ɗumi, kuma ba ta da nisa da filin jirgin Geneva. Tsada ce kawai matsalarta.

Kada a raina maganar nisan masauki. Takalmin siki ƙaƙƙarfa ne, ba ya lanƙwasawa a idon sawu, kuma tafiyar minti goma a cikinsa, da alluna a kafaɗa, a kan titi mai santsi, ta isa ta ɓata wa iyali safiya. Gida mai araha da ke nesa da wurin taruwar aji ba araha ba ne.

Andora ƙaramar ƙasa ce a tsaunukan Pyrenees tsakanin Faransa da Sifaniya, kuma ƙauyen Soldeu da ke yankin Grandvalira ya yi suna wajen koyarwa da Turanci, domin 'yan Birtaniya sun daɗe suna kai masu koyo can. Ga iyalin da ke zaune a Landan ko Manchester, ko waɗanda suka taso daga Abuja, wannan shi ne wurin da zan kira na biyu, wani lokaci ma na farko. Filin koyo yana saman dutse, ana hawa da motar igiya, hanyoyin suna da faɗi, farashi kuma yakan yi ƙasa da na manyan wuraren Faransa. Abu biyu za ku lura da su. Ƙasar ba ta da filin jirgin sama, sai kun sauka a Toulouse ko Barcelona ku yi kusan awa uku a mota. Sannan ba ta cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, duk da cewa ta cikinsa ake shigarta, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana ya nemi bizar da ke ba da damar shiga fiye da sau ɗaya, domin komowa Faransa ko Sifaniya a hanyar gida shiga ta biyu ce.

Idan aljihu ne ke jagoranci, Bulgeriya ce amsa. Ta shiga Schengen gaba ɗaya a Janairun 2025, kuma darasi da hayar kaya da abinci duk sun fi sauƙi a can. Bansko ita ce ta fi shahara, tana da hanyoyi kusan kilomita 75 a tsaunukan Pirin, amma garin yana ƙasa da mita 1,000, yawancin mutane sai sun hau motar igiya guda kafin su kai ga filin siki, kuma a makonnin cunkoso layin safe yana da tsawo. Pamporovo ta fi laushin gangare, ta fi dacewa da mai koyo tsantsa, sai dai matashi mai saurin kamawa zai gama da ita cikin mako. Ostiriya da Italiya ba zan daɗe a kansu ba. Serfaus-Fiss-Ladis a Ostiriya an tsara ta don iyali ƙwarai, amma hankalinta ya fi karkata ga ƙananan yara, kuma da tsada. Passo Tonale da Cervinia a Italiya suna da tsayi da dogayen gangare masu sauƙi. Ku sani cewa tun 2022 dokar Italiya ta wajabta wa mai siki inshorar biyan diyya idan ya ji wa wani rauni.

Turkiyya ta cancanci a tsaya a kanta, musamman ga iyali Musulmi. Jirgin Turkish Airlines yana tashi daga Abuja da Legas da Yamai zuwa Istanbul, daga nan sai gajeriyar tafiya zuwa Kayseri ko Erzurum. Dutsen Erciyes mai mita 3,917 yana kusan kilomita 25 daga Kayseri, na'urorin hawansa na zamani ne, kuma za a iya haɗa tafiyar da ziyarar Kapadokiya, sanannen wurin yawon buɗe ido da ke kusa. Palandöken kuwa tana saman birnin Erzurum, wanda ya karɓi baƙuncin gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011. A nan babu tambayar mai abinci me ya sa a tukunya, masallaci kuma ba abin nema ba ne. A tsaunukan Alps lamarin ba haka yake ba: sanannen abincinsu na dankali da cuku, tartiflette, da naman alade ake yin sa, a Ostiriya ma naman alade ne a gaba. Mafita a can ita ce kama gida mai kicin, a sayi naman halal a birni kamar Grenoble ko Toulouse kafin a hau dutse. Inda Turkiyya ta gaza shi ne yare da tsarin aji: darasin mutum ɗaya da malami ya fi yawa, kuma dole ku tabbatar tun daga gida cewa malamin yana jin Turanci sosai. Filayen sikin Erciyes da Palandöken kuma sun haura mita 2,000 tun daga ƙasansu, kuma wannan ya kawo mu ga maganar da na fi so iyaye su ji.

Tsayi yana ba da tabbacin dusar ƙanƙara. Garuruwa irin su Morzine ta Faransa da ke wajen mita 1,000 kan sha ruwan sama a tsakiyar hunturu idan shekara ta yi ɗumi, shi ya sa ake cewa a nemi mita 1,800 ko sama. Amma iskar da ake shaƙa tana raguwa yayin da ake hawa, kuma sanyi da ƙarancin iska da ƙishirwa su ne manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, don haka ba zancen wasu ba ne. Idan akwai mai SS ko SC a gidan, kada a biya ko sisi sai an zauna da likitansa. Ko mai AS, wanda yawanci lafiyarsa ƙalau, likitoci sun san tsayi mai yawa tare da aikin ƙarfi na iya taɓa masa saifa. A irin wannan gida, Val Thorens ta Faransa mai mita 2,300 ba wurin farawa ba ne, kuma gara a ɗauki kasadar ruwan sama a ƙasa da a ɗauki ta lafiyar yaro a sama.

Lokacin tafiya yana canza farashi fiye da sunan wurin. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da watan Fabrairu lokacin da makarantun Faransa ke hutu yanki-yanki kuma na Birtaniya ma suna hutun tsakiyar zango, su ne mafi tsada da cunkoso. Janairu bayan sabuwar shekara ya fi araha amma sanyinsa ya fi tsanani. Maris ya fi ɗumi da tsawon yini, ya fi wa wanda ya saba da zafi sauƙi. A shekarun nan kuma azumi yana faɗowa cikin hunturun Turai: a 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, a 2027 kuwa farkon watan. Ku duba kalanda tun da wuri.

Wajen tikitin na'urorin hawa dutse, kada ku sayi na dukan yanki a ranar farko. Wurare da yawa suna da bel mai tafiya da ke ɗaukar masu koyo kyauta ko tikitin sabon shiga mai rahusa, kuma malami zai faɗa muku ranar da yaran suka isa babba. Ku duba shekarun farashin yara, domin a wurare da dama a Faransa yana ƙarewa a shekara 12, daga nan matashi kuɗin babba yake biya sai dai a sami tikitin iyali. Alluna da takalma da hular kwano duk haya ake yi. Abin saye shi ne riga da wando marasa jiƙa, safar hannu mai kauri, tabarau, da man kare fata, domin hasken da dusar ƙanƙara ke mayarwa yana ƙona ido da fuska ko da fatar baƙa ce. Inshorar da ake nema don bizar Schengen, mai Yuro 30,000, ba lalle ta haɗa da wasan siki ba, kuma a Faransa idan aka sauko da mai rauni daga dutse kuɗi ake caja. Ku karanta takardar, ko ku ƙara inshorar Carré Neige da ake sayarwa tare da tikiti a wuraren yankin Savoie.

Idan yaran sun nace sai allo guda, wanda ake tsayawa a kansa a karkace, ku bar su, amma su san kwanakin farko faɗuwa ce zalla kuma wuyan hannu ne ke shan wahala, don haka a sa musu abin kariya. Kafin tafiyar kuma, darasi ɗaya ko biyu a filin dusar ƙanƙara na cikin gini, irin Ski Dubai da aka buɗe a 2005, ko Ski Egypt a Alƙahira, ko na Hemel Hempstead kusa da Landan, zai sa su isa dutse sun riga sun iya sa takalmi da tsayawa, a sa su a ajin da ke gaba da na ranar farko.