Gargaɗi kan masu yawo da na'urar "gwajin jini" ba tare da ɗibar jini ba

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda yake da tsoho a gida, musamman mai ciwon suga ko hawan jini, ya daure ya karanta wannan har ƙarshe sannan ya karanta wa tsohon nasa. A gidanmu abin ya faru, ba ji na yi an ce ba.

Gwaggona, yayar mahaifinmu, shekara takwas kenan tana fama da suga, tana shan metformin safe da yamma kuma alhamdulillah abin ya lafa. Wata biyu da suka wuce wasu mutum uku suka sauka a unguwarsu, maza biyu mace ɗaya, sanye da fararen riguna irin na asibiti, suka kafa tebur a gindin dalbejiya suka saki lasifika wai gwajin jini na zamani daga ƙasar waje, babu allura babu ɗibar jini, minti biyu a gano duk cutar da ke jikinka, naira 2,000 kacal. Kun san tsofaffinmu da tsoron allura. Gwaggo ta yafa mayafinta ta tafi ba ta gaya wa kowa ba.

Na'urar ɗan akwati ne da aka jona da laftop, sai wani guntun ƙarfe kamar tocilan da za ka damƙe a tafin hannu. A jikinta an rubuta Quantum Resonance Magnetic Analyzer, su kuma "kwantum" suke ce mata. Kafin ta riƙe ƙarfen sai da suka tambayi shekarunta, nauyinta da tsayinta suka shigar a laftop ɗin, ku riƙe wannan wajen don nan asirin yake. Layuka suka yi ta gudu a allo, can sai ga shafuka sun fito, wani wajen kore wani wajen ja. Mutumin ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, suganki ai ya sauka tuntuni, wannan maganin asibitin ne ma yake cinye miki ƙoda, ga hantarki ta yi datti, jininki ya yi kauri." Suka haɗa mata robobi huɗu na kafso da wani shayi a kan naira 48,000, kuɗin adashen da ta ɗauka ne ta ba su, ta dawo gida ta ajiye metformin ɗinta a ƙarƙashin katifa.

Sati uku aka yi. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari sau shida sau bakwai kafin asuba, ta rame, ta fara gani dishi-dishi, idan ta yi ƙorafi a waya su ce dattin ne yake fita, ta ƙara haƙuri. Ranar da ƙanwata ta same ta zaune a bakin rijiya ta kasa tashi muka ɗauke ta sai asibiti. Nas ta goge mata yatsa da auduga, ta fasa sabuwar allura a gabanmu ta soka, ta ɗiga jinin a tsinken gwaji, ko minti ɗaya ba a yi ba lamba ta fito ta haura 400. Wanda bai sani ba, in mutum bai karya ba da safe suga ya kai 126 mg/dL ko sama, aka maimaita aka sake samun haka, to ciwon suga ne. Ita tana sama da 400. Kwana biyar ta yi a gado, ana ƙarin ruwa ana insulin. A rana ta biyu ne ta kamo hannuna ta ce, "Ɗan nan, kar ka gaya wa babanku kuɗin da na ba su." Wallahi sai da na fita waje na share hawaye.

Bayan an sallame ta na shiga bincike, ashe wani abokina ma yana da irin na'urar a ɗakinsa, shi ta wata hanyar aka cuce shi. An kira su taro a wani otal wai horo na kwana uku ka zama mai duba lafiya, ka sayi na'urar, ka riƙa sayen maganin a wajensu kana sayarwa, in ka kawo mutum biyu a ba ka kamasho. Jarinsa na caji waya ya zuba a ciki. Muka kunna ta, na jiƙa hankici da ruwa na naɗe ƙarfen da shi, babu hannun kowa a kai, muka rubuta mace mai shekara 60. Sakamako ya fito tsaf, hankici yana da matsalar ƙoda da ƙarancin sinadarin ƙashi. Muka mayar da shi namiji mai shekara 25, hankicin dai, cututtukan suka canza. Manhajar ce kawai take duba shekarun da aka rubuta ta zaro cututtukan da suka dace da mai irin shekarun, ba ta auna komai a jikinka.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ƙananan na'urorin gwajin jini na gaskiya suna nan kuma suna ceton rai. Akwai ta awon suga irin Accu-Chek da mutane da yawa suke da ita a gida. Akwai kaset ɗin gwajin maleriya da ake yi a ƙananan asibitoci, ɗigon jini da ruwan gwaji, a jira minti 15 zuwa 20, kuma in layin tabbatarwa bai fito ba gwajin ya lalace sai an sake. Akwai HemoCue ta duba ƙarancin jini da ake yi wa masu ciki, akwai i-STAT ta kamfanin Abbott da manyan asibitoci suke aiki da ita a gefen gadon majinyaci. Amma ku lura, dukkansu sai jini ya taɓa su, kuma kowacce abin da take dubawa ƙayyadadde ne, tsinken suga suga kawai ya sani, ba ruwansa da hanta. Ko i-STAT ɗin ma kowane rukunin gwaji da irin kaset ɗinsa.

Wannan mafarkin na gano cuta ɗari da ɗigo ɗaya ya ci manyan masu kuɗi a Amurka. Elizabeth Holmes ta kafa kamfanin Theranos a 2003 tana shekara 19, ta ce na'urarta Edison za ta yi ɗaruruwan gwaji da jinin yatsa. A 2014 darajar kamfanin ta kai dala biliyan 9, attajirin nan mai kafafen yaɗa labarai Rupert Murdoch shi kaɗai ya zuba dala miliyan 125, ga tsofaffin sakatarorin harkokin wajen Amurka Henry Kissinger da George Shultz a kwamitin gudanarwa. A Oktoban 2015 jaridar Wall Street Journal ta tona cewa yawancin gwajin da injinan wasu kamfanoni ake yin su, kamfanin ya rushe a 2018, a 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu zuba jari ta yanke mata shekara 11 da wata 3. Ita fa ko ba komai tana ɗibar jinin. Naku na gindin dalbejiya ko ɗigo ba sa taɓawa.

Haka agogunan hannu da zobban da ake tallatawa a Facebook da TikTok wai suna auna suga ta fata, a Fabrairun 2024 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba, kar a yi amfani da su.

Sannan akwai masu soka yatsan da gaske a tasha da ranar kasuwa, su ma a sa ido. In ba a fasa sabuwar allura a gabanka ba janye hannunka, ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin aƙalla kwana 7 a busasshen jini tana da rai. A duba ranar lalacewar tsinken, kuma wanda ya sha rana a buɗaɗɗiyar roba ƙarya zai faɗa. Masu shirin aure kuma, musamman a Kano da aka sa hannu a dokar gwajin kafin aure a 2024, jinotayif da ciwon hanta da HIV ba na kan teburin titi ba ne, a je asibiti ko lab mai rajista da hukumar MLSCN mai kula da ɗakunan gwajin lafiya a Najeriya, a karɓi takarda mai sa hannu da hatimi. Kuma duk wanda ya gwada ka sannan ya zaro maganin daga ƙarƙashin teburin nan take, tashi ka ba shi waje.

Robobin Gwaggo suna wajena, biyu babu lambar NAFDAC ko ɗaya a jiki, lambar wayar da suka bar mata kuma a kashe take tun ranar da na kira na ce ni ɗanta ne. An ce an ga masu irin kamanninsu a wata kasuwar ƙauye satin da ya wuce, da lasifikar nan tasu. Mun gaya wa mai unguwa, liman ma ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, ku ma ku yi haka a naku unguwannin. Gwaggo ta koma kan maganinta, amma idonta na hagu har yanzu bai washe ba, ranar Talata za mu kai ta wajen likitan ido. A sa ta a addu'a.